Jirgin janwe a rundunar sojan ruwa: me Hoga ya yi a Pearl Harbor da har yau ake ajiye da shi?

Duk ranar 7 ga Disamba, idan Amurkawa suka tashi tunawa da harin da Japan ta kai wa sansaninsu na Pearl Harbor da ke Hawai a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai ka ji an ambaci wani ɗan jirgin ruwa mai suna Hoga. Tsawonsa ƙafa 100 ne kacal, wato kimanin mita 30. Ba don faɗa aka ƙera shi ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa ya nutsar da jirgin abokan gaba. Aikinsa ja da turi. Duk da haka, shi aka sanya cikin jerin manyan kayan tarihin ƙasar, aka kashe kuɗi aka ɗauko shi daga Kalifoniya zuwa jihar Arkansas domin mutane su riƙa zuwa kallonsa.

A wani ɓangaren kuma, a 2016 da jirgin dakon jiragen saman Rasha, Admiral Kuznetsov, ya ratsa mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa yana tuƙa hayaƙi, da jirgin janwe a cikin ayarinsa, abin ya zama na dariya a intanet. A idon mutane da yawa, ganin jirgin janwe kusa da jirgin yaƙi alama ce ta lalacewa, kamar yadda ganin motar janwe a titi ke nuna wata mota ta mutu.

To wanne za a ɗauka? Jirgin janwe gwarzo ne ko ɗan rakiyar gajiyayye? Tarihin aikin Hoga ya isa ya warware wannan.

Me ya sa babban jirgi ba ya shiga tasha shi kaɗai?

Kuskuren farko shi ne kwatanta jirgin ruwa da mota. Lafiyayyar mota ba ta buƙatar janwe. Lafiyayyen jirgin yaƙi kuwa yana buƙatarsa kusan duk lokacin da zai jingina da gaɓa ko zai bar ta.

Jirgin ruwa ba shi da birki. Abin da ke karkata shi wani faffaɗan ƙarfe ne a ƙarƙashin bayansa, kuma wannan ƙarfen ba ya aiki sai ruwa na gudu a kansa. A tsakiyar teku, inda jirgi ke tafe da ƙarfinsa, yana jin magana. Da zarar ya rage gudu domin shiga tasha, sai sitiyarin ya fara rasa tasiri, a daidai lokacin da wuri ya ƙuntata, ga wasu jirage dama da hagu. Iska kuma ta samu faffaɗan bango tana turawa, igiyar ruwa na ja ta ƙasa. Abu mai nauyin tan dubu talatin idan ya daki gaɓa, ko da tafiyar hawainiya yake yi, sai an yi asara.

Nan jirgin janwe ke shigowa. Kusan inji ne kawai aka yi wa gangar jiki: gajere, mai faɗi, mai zurfi cikin ruwa, da babbar farfela, hancinsa da gefensa lulluɓe da roba ko tsofaffin igiyoyi domin kada ya ji wa wanda yake turawa ciwo. Ba da gudu ake auna shi ba. Ana ɗaure shi ne da igiya a jikin turken ƙarfe na bakin gaɓa, a ba shi wuta, a ga tan nawa zai ja.

Iri biyu ne manya, kuma a nan mutane ke cakuɗa su. Akwai na teku, wanda ke bin ayari domin jan jirgin da ya lalace ko ya sha wuta. Irinsa ne ya raka Kuznetsov. Akwai kuma na tasha, wanda da wuya ya yi nisa da bakin ruwa, aikinsa shigar da jirage da fitar da su, da jan kwale-kwalen mai da na harsasai, da kashe gobara. Hoga na tasha ne.

Aikin ba na wasa ba ne. Babban haɗarinsa shi ne igiyar ja ta koma ta gefe maimakon ta baya. Idan haka ta faru kuma babban jirgin ya ci gaba da tafiya, sai ya kifar da ɗan ƙaramin cikin daƙiƙoƙi, da mutanen da ke ciki. Shi ya sa ake yi wa ƙugiyar ja wata dabara da za a saki igiyar nan take.

Harufan da ke jikinsa, da dalilin da ya sa tarihinsa ke zuwa a gajarce

Wanda ya duba bayanan irin waɗannan jirage zai ga harufa da lamba. Na Hoga YT-146. Harafin Y na nuna jirgin hidimar cikin tasha ne, T kuma janwe. A 1944 rundunar ta rarraba su bisa girma da ƙarfi, aka samu YTB na manya, YTM na matsakaita, YTL na ƙanana. Mai jin Hausa ya samu sauƙi a nan, don B ta faɗa kan babba, M ta faɗa kan matsakaici, ko da yake dace ne kawai. Hoga ya zama YTB-146 a 1944, sannan a 1962 aka mayar da shi YTM-146. Ba shi ne ya ƙanƙance ba. Sababbin da aka ƙera ne suka fi shi, sai ma'aunin ya matsa.

Sunayensu ma da tsari. Rundunar sojan ruwan Amurka ta daɗe tana raɗa wa jiragen janwe sunayen ƙabilu da sarakuna da kalmomin 'yan asalin ƙasar. Hoga kalma ce ta harshen Sioux, ma'anarta kifi.

Akwai wani bambanci da ya fi waɗannan muhimmanci. Babban jirgin yaƙi ana ƙaddamar da shi ne da biki, a damƙa shi ga hafsa, ya zama runduna mai cin gashin kanta, a riƙa rubuta abin da ya faru a cikinsa awa bayan awa. Jirgin janwe na tasha kuwa sanya shi aiki kawai ake yi, a ƙarƙashin hukumar tashar. Mai riƙe da shi galibi ba hafsa ba ne, tsohon hannu ne daga cikin ƙananan sojoji, wanda ya ƙware a igiya da ruwa. Saboda haka idan ka nemi tarihin aikin yawancinsu, layi huɗu ko biyar za ka samu: inda aka ƙera, ranar da aka sanya shi aiki, gundumar da aka tura shi, ranar da aka soke sunansa, wanda ya saya. Shekaru talatin na aikin dare da rana su shige cikin jimla guda.

Ainihin tarihin jirgin janwe a cikin littattafan wasu jirage yake, a warwatse. Kowane babban jirgi ya rubuta cewa ƙarfe kaza an fitar da shi daga tasha da taimakon janwe, ba lallai ma a ambaci suna ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Safiyar Lahadin da ta fito da sunansa

A Morris Heights da ke New York aka ƙera Hoga. An fara aikinsa a watan Yulin 1940, aka tura shi ruwa ranar ƙarshe ta wannan shekarar, aka sanya shi aiki a watan Mayun 1941, sannan aka aika shi Hawai. Nauyinsa kimanin tan 325, injinansa na dizal ne masu ba da lantarkin da ke juya farfela. Mutanensa ba su wuce goma da 'yan kai ba, a ƙarƙashin Joseph McManus.

Bai cika wata bakwai da fara aiki ba jiragen saman Japan, su 353 a zubi biyu, suka sauko wa tashar gab da ƙarfe takwas na safe. Manyan jirage na ɗaure, da yawansu tukunyar tururinsu a sanyaye, kuma jirgin tururi yana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya motsa. Injin dizal kuwa tayarwa kawai ake yi. Cikin kimanin minti goma Hoga ya bar gaɓa.

Ya fara da tsamo mutane daga ruwa. Daga nan ya nufi inda babban jirgin yaƙi Arizona ke ci da wuta, bayan bam ya tarwatsa rumbun harsasansa, fashewar da ta kashe mutum 1,177 daga cikin 2,403 da suka mutu a ranar. A jikin Arizona akwai jirgin gyare-gyare mai suna Vestal a ɗaure, shi ma ya sha bam, ga mai yana ci a kan ruwa kewaye da shi. Kyaftin ɗinsa, Cassin Young, ƙarfin fashewar ya wurga shi cikin ruwa, ya yi iyo ya koma jirginsa ya ce a tashi. Hoga ne ya taimaka aka janye Vestal daga wutar, har ya samu ya lallaɓa zuwa wuri marar zurfi ya zauna a ƙasa maimakon ya nutse.

Sai Oglala, tsohon jirgin shuka nakiyoyi, wanda ke ɗaure a gefen jirgin yaƙi Helena. Bam ɗin ƙarƙashin ruwa ya wuce ta ƙasansa ya daki Helena, girgizar ta tsaga cikin Oglala, ya fara karkata. Da ya kife a inda yake, da ya danne Helena a jikin gaɓa. Aka ja shi baya, ya je ya kife a can shi kaɗai.

Babban aikin yana gaba. Cikin manyan jiragen yaƙi takwas da ke tashar, Nevada kaɗai ya iya tashi. Ya nufi hanyar fita, matuƙan Japan na zubi na biyu suka gan shi yana tafiya, suka yi masa ca. Pearl Harbor kuwa ƙofa ɗaya gare ta, siririyar hanya da ta haɗa ta da teku. Aka umarci Nevada kada ya shiga hanyar, sai ya kafa hancinsa a ƙasa a wurin da ake kira Hospital Point. Amma ruwa ya ci gaba da juya bayansa, yana neman gindaya shi. Hoga da wani ɗan'uwansa, YT-130, suka kama shi, suna turi suna zuba wa gobararsa ruwa, har suka tsallakar da shi ɗaya gefen suka zaunar da shi kusa da Waipio Point, ya bar hanya. Nevada ya ninka Hoga nauyi wajen sau tamanin ko fiye.

Bayan haka ya koma kashe wuta a jerin manyan jiragen, Maryland da Tennessee, daga ƙarshe Arizona, wanda wutarsa ba ta mutu ba sai bayan kwana biyu. An lissafa wa Hoga kimanin awa 72 yana aiki ba tsayawa. A watan Fabrairun 1942 Admiral Chester Nimitz, kwamandan rundunar Amurka ta tekun Pasifik, ya ba McManus takardar yabo. Cassin Young kuwa ya samu lambar girma mafi daraja ta sojan Amurka, kuma ya cancanta.

Da gaske ne da Nevada ya toshe tashar?

Wannan shi ne wurin da masu son Hoga ke ƙara gishiri. Za ka ji an ce ba don shi ba, da an rufe rundunar Amurka ta tekun Pasifik a cikin kwalba na tsawon watanni, da yaƙin ya sauya. Akwai masu nazarin harin da ba su yarda ba. Suna cewa hanyar ta fi faɗin da ake zato, kuma ko da Nevada ya zauna a cikinta, da wuya ya rufe ta ruf, sai dai ya takura ta.

Ni a ganina ba sai an kai ga waccan da'awar ba kafin a gane darajar aikin. Washegarin harin da yamma jirgin dakon jiragen sama Enterprise ya shigo ya sha mai ya sake fita kafin gari ya waye sosai. A ƙarshen watan Mayun 1942 wani jirgin dakon jiragen sama, Yorktown, ya dawo da rauni daga yaƙin tekun Coral, aka shigar da shi kwarmin gyara, aka lallaɓa shi cikin kwana uku, ya tafi ya yi yaƙin Midway. Kowane irin wannan motsi yana buƙatar buɗaɗɗiyar hanya da jiragen da za su juya ƙaton jirgi su saita shi a bakin kwarmin da bai fi shi faɗi da yawa ba. Ko takura hanyar kawai aka yi, kowace awa da aka ɓata asara ce. Kuma mutanen da ke kan Hoga a safiyar nan ba su da taswirar masu nazari a hannu. Abin da suka gani shi ne ƙaton jirgi yana ci da wuta yana karkata zuwa ƙofar gida.

Shekaru arba'in da shida a hannun aro

Hoga ya ƙarasa yaƙin a Pearl Harbor yana aikin da ba a ba da labarinsa, har da taimakawa wajen tsamo jiragen da suka nutse. A 1948 rundunar ta ba birnin Oakland da ke Kalifoniya aronsa domin ya zama jirgin kashe gobara na tashar. Aka ƙara masa famfuna, aka sauya masa suna zuwa Port of Oakland, daga baya City of Oakland. A wannan shekarar ce kuma aka nutsar da Nevada da gangan a atisayen harbi, bayan ya yi yaƙi a Normandy da Iwo Jima da Okinawa, ya kuma tsira daga gwajin bam ɗin nukiliya a tsibirin Bikini a 1946. Wanda aka ceta ya riga mai ceton tafiya.

Wannan ba sabon abu ba ne ga jiragen janwe. Jirgin yaƙi yana tsufa da zarar makamansa sun tsufa. Shi kuwa janwe, muddin ƙarfen jikinsa da injinsa na da lafiya, buƙatar turi da ja ba ta sauyawa. Shi ya sa bayan yaƙin da yawansu suka koma hannun 'yan kasuwa da hukumomin tashoshi da rundunonin wasu ƙasashe, suka yi ta aiki da sababbin sunaye, har tarihinsu ya ɓace wa mai bincike.

A 1989 aka ayyana Hoga a matsayin babban kayan tarihin ƙasa. A 1994 Oakland ta mayar da shi, aka kai shi Suisun Bay inda ake jibge tsofaffin jirage, ya zauna yana tsatsa. A 2005 rundunar ta ba birnin North Little Rock da ke Arkansas shi, amma sai da aka shekara goma kafin ya isa, galibi saboda kuɗin gyara da na ɗauko shi. A watan Nuwamban 2015 ya sauka, bayan an bi da shi ta mashigin Panama da kogin Mississippi da na Arkansas. Yana ɗaure ne kusa da jirgin ƙarƙashin teku Razorback, wanda ke gaɓar Tokyo ranar 2 ga Satumban 1945 da Japan ta sa hannu kan miƙa wuya, daga baya kuma ya yi shekaru yana aiki wa sojan ruwan Turkiyya. Ɗaya ya ga ranar da Amurka ta shiga yaƙin, ɗayan ya ga ranar da aka rufe shi.

Sau da yawa ana cewa Hoga ne jirgi na ƙarshe da ya rage daga ranar harin. Maganar na buƙatar ɗan gyara. Akwai Taney, jirgin masu tsaron gaɓa da ke ajiye a Baltimore, shi ma ya ga harin, sai dai a tashar Honolulu yake a ranar, ba cikin Pearl Harbor ba. Hoga ne ake ɗauka a matsayin na ƙarshe cikin jiragen rundunar sojan ruwa da ke cikin tashar kanta kuma har yanzu suke kan ruwa. Abokin aikinsa Nokomis, YT-142, wanda shi ma ya yi kashe gobara a ranar, an yi ƙoƙarin ceto shi amma daga ƙarshe aka yanka shi aka sayar da ƙarfen.

A mallaka ko a yi haya?

Muhawarar da ta rage a yau ke nan. Daga shekarun 1960 zuwa na 1970 rundunar ta ƙera manyan jiragen janwe fiye da 70 na samfurin Natick, sojoji ke tuƙa su. Daga baya ta rage su ƙwarai, a manyan tashoshi da dama ta koma ɗaukar hayar kamfanoni. Ta riƙe wasu nata, ta kuma ƙera sababbi kaɗan, musamman domin yankin Puget Sound da sansaninta na Yokosuka a Japan.

Masu goyon bayan haya hujjarsu mai ƙarfi ce. Jiragen zamani farfelarsu na juyawa ta kowace fuska, suna iya tafiya a kaikaice, mutum huɗu ko biyar sun ishe su. Kamfani ne ke ɗaukar nauyin saye da gyara. Matuƙin farar hula yana iya shekara ashirin a tasha guda, ya san kowane lungu da halin ruwanta, alhali soja ana yi masa canjin wurin aiki bayan 'yan shekaru, daidai lokacin da hannunsa ya faɗa.

Masu adawa kuma cewa suke yi kayan aro ba ya rufe katara. Kwangila tana iya tanadar awa nawa za a yi aiki da tan nawa za a ja. Amma wace kwangila ce za ta ce wa ma'aikaci ya kai hancin jirginsa jikin rumbun harsasai mai ci da wuta ya kwana uku a wurin? Ga batun sirri, don jirgin janwe na manne wa jirgin ƙarƙashin teku mai ɗauke da makaman nukiliya fiye da kowa. Ga kuma batun kayan aiki na musamman: jirgin ƙarƙashin teku jikinsa kewayayye ne kuma mafi yawansa na cikin ruwa, dole robar janwen ta sauka ƙasa sosai, jirgin dakon jiragen sama kuwa filinsa ya yi rumfa a sama, dole janwen ya iya shiga ƙarƙashinta.

Adalci dai a faɗa: a safiyar Pearl Harbor ɗin ma, wajen janye Oglala, har da jirgin janwe na wani ɗan kwangila da ke aiki a tashar aka kira, kuma ya zo. Saboda haka ba kaki ne kaɗai ke sa mutum ya tsaya ba. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne ko jirgin na nan kusa, da mutanensa a ciki, a lokacin da ba a tsara za a neme shi ba. Tsarin da aka gina domin rage kuɗi yakan ajiye adadin da ya dace da ranar lafiya ne.

Ina ruwan wanda ba soja ba?

Dokar ruwa ɗaya ce ga jirgin yaƙi da na kaya, kuma mafi yawan hajar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe ta teku take bi. A watan Maris na 2021 Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gindaya a mashigin Suwez na Masar kwana shida, jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko. Ba a fitar da shi ba sai da aka haɗa masu yasar ƙasa da jiragen janwe fiye da goma, aka kuma jira cikar ruwa. Kaya sun yi latti, kuɗin dako ya tashi, kuma irin wannan kuɗin mai saye ne ke biyansa a ƙarshe.

A ranar 26 ga Maris na 2024 kuma jirgin kwantena Dali ya rasa wutar lantarki yana fita daga Baltimore, ya daki ginshiƙin gadar Francis Scott Key, gadar ta rufta, ma'aikatan gyaran titi shida suka mutu. Jiragen janwe biyu ne suka taimaka masa barin gaɓa, amma an riga an sallame su kafin ya kai gadar, kamar yadda aka saba yi a tashar. Da abin ya ɓaci an kira su, lokaci bai kai ba. Tun daga nan ake ta jayayya kan ko a wajabta rakiyar janwe har sai babban jirgi ya wuce gada, da kuma wa zai biya. Masu jirage na lissafin kuɗin kowace tafiya, wasu masana kuma na cewa a irin gudun da Dali ke yi ba tabbas janwe zai iya tare shi. Tashar dai ba ta koma buɗewa gaba ɗaya ba sai a watan Yuni, kuma har a lokacin da za a kawar da Dali daga ƙarƙashin ɓaraguzan gadar, jiragen janwe ne suka ja shi suka mayar da shi gaɓar da ya baro.